Zaren da Kakana Ya Yi wa Gatan Goro

Ko zan tsufa haƙora su zube in koma shan kunu da cokali, ba na jin zan manta da makon bikin yayar ƙawata. A makon ne kakana ya kusa hana yarinya taka ƙasa da ƙafarta, kuma ba da mugunta ba, da tsabar kirki. Yau shekaruna goma sha tara, a lokacin ina aji huɗu na sakandare, amma har yanzu idan na ji ƙamshin kek ya haɗu da na gawayi, sai gabana ya faɗi kafin dariya ta zo.

Gara in faɗa muku tun da wuri, a gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. Idan na ga ɓera a kicin, kafin labarin ya kai zaure ya zama ɗan akuya. Mahaifiyata takan ce duk abin da na faɗa a raba shi biyu, a zubar da rabi, sauran rabin kuma a wanke shi. To wannan labarin na yi ƙoƙari na wanke shi da kaina, sai dai in wani wuri ya kuɓuce mini.

Ƙawar tawa katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu a Nasarawo. Su Tangale ne, babanta malamin makaranta, mamanta tana gasa kek da cincin na biki. Mu kuma kakana ne ya taso daga wajen Katsina tun yana saurayi, ya zauna a Gombe da sana'ar goro. Tare muka tashi ni da ita, ni in ci shinkafar Kirsimeti a gidansu, ita ta ci naman Sallah a namu har ta fi ni yawan loma. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, don haka da sanduna biyu na ƙarfe take tafiya, irin masu kama damtsen nan da ke da mariƙi a tsakiya. Hannunta na dama ma yatsun ba sa dunƙulewa duka. Amma bakinta lafiyarsa lau. Idan ta fara yi wa mutum tsiya, sai ya gwammace ta kwaɗa masa sandar.

Ana saura 'yan makonni bikin yayarta, mariƙin sandar dama ya tsage. Aka kai wa mai walda, ya liƙa guntun bututun ƙarfe a wurin. Ƙarfi kam ba a magana, ko jaki aka ɗaure a jiki ba zai cire shi ba. Sai dai hannun da ba ya dunƙulewa ba ya iya riƙe abu zagayayye mai santsi, ga shi idan rana ta buge shi sai ya koma dutsen guga. Kafin mako ya zagayo tafin hannunta ya kumbura ya fashe. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta tsaya ta huta.

Yayar ta riga ta sa ta cikin 'yan matan amarya, waɗanda za su biyo bayanta daga bakin harabar coci har ciki. An ɗinka mata anko, ta gwada shi ya fi sau shurin masaki. Rannan ina gidansu ina taya mamanta, wadda ni ma nake kira Mama, yankan cincin, rabi a faranti rabi a bakina, sai Mama ta dubi hannun ƙawata ta ce, "Ba komai. Yayanki zai ɗauke ki ya shigar da ke kafin mutane su taru, ki zauna a kujerar gaba abinki."

"Mama, ni buhun masara ce?"

"Ke 'yata ce. Ba zan tsaya ina kallo ki faɗi a gaban jama'a ba."

"To ai ban faɗi ba tukuna."

Ba ta yi kuka ba, don ita ba mai kuka ba ce. Amma da ta rako ni bakin ƙofa, tana cije leɓe saboda zafin hannun, sai ta ce mini, "Tun da na yi wayo ake shigar da ni wuri kafin mutane su zo. Sau ɗaya dai ina so in shiga ana kallo."

A hutun nan ina zuwa wata cibiyar koyon sana'a a wajen Hammadu Kafi. Wata malama ce injiniya take koya mana aiki da injin da muke kira tiri-di. Ga wanda bai taɓa gani ba, akwati ne kamar ƙaramin firiji marar ƙofa. Ana ba shi zaren roba mai kaurin taliya, naɗe a jikin faifai, ya narkar da shi ta wani siririn baki mai zafi, ya riƙa shimfiɗa layi a kan layi, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka hawa-hawa, har abin da aka zana a kwamfuta ya tashi tsaye a gabanka. Mu dai har lokacin maƙalin makulli muke bugawa da 'yan kwaɗi na wasa. Na je na ba Malama labarin ƙawata. Na ce hannun ya kumbura ya kai girman kankana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kawo ta in ga kankanar."

Da ƙullin cincin ɗin Mama muka ɗauki siffar riƙonta. Ƙawata ta damƙi ƙullin yadda hannunta ya ga dama, Malama ta auna shi ta kowane gefe ta zana a kwamfuta, da gurbin kowane yatsa. Muka buga na farko da robar da muka saba, ruwan ɗorawa, kyakkyawa. Ya zauna a hannunta kamar tare aka haife su. Washegari ta jingine sandar a jikin langalanga da tsakar rana, ta yi 'yar tafiya da ita, mariƙin ya saki jiki ya lanƙwashe kamar kunnen tunkiya.

"Injiniya," in ji ta tana kallona, "alewa kika yi mini ko sanda?"

Malama ba ta yi mamaki ba. Ta ce wannan robar tana da tauri a inuwa amma tana tsoron zafi, kuma Gombe ba garin matsorata zafi ba ne. Abin da ake bukata nailan ne, wata roba mai jure zafi, wanda aka cuɗa da ƙananan zaruruwan kabon, baƙaƙe, sirara fiye da gashi. Ta tambaye mu ko mun taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini da busasshiyar ciyawa. Ta ce ƙasar ita ke riƙe ciyawar, ciyawar ita ke hana ƙasar tsagewa, kowanne shi kaɗai ba ya kai ko'ina. Haka nailan da kabon suke. Sannan ta sa aka sayo rake, ta ce in tsaga shi a tsaye. Na tsaga da haƙori ba wahala. Ta ce to in tsinka shi ta hanyar ja daga kai da gindi. Na ja har idona ya kusa faɗowa ƙasa, ko gezau. Ta ce zaruruwan suna bin hanyar da bakin injin ya bi, don haka ƙarfin abin da aka buga yana bin tsawon layukan ne, rauninsa kuma yana tsakanin layi da layi. Mariƙi dole a buga shi a kwance, yadda nauyin mutum zai bi tsawon zaren. Idan aka buga shi a tsaye, zai rabe kamar yankan burodi.

Irin wannan zaren babu shi a garin, sai da ta yi oda daga Legas, aka ba direba ya kawo tasha. Ranar da zai iso kuma Malama za ta tafi garin Kwadon jinyar mahaifiyarta, cibiya a rufe kusan mako. Ta tambaya wa ke da wani a kusa da tasha. Na ɗaga hannu har da tsalle, don teburin kakana yana kallon ƙofar tashar.

Ni da kakana ba ma magana sai da wasa. Yana kirana matarsa, yana sakina kusan kullum saboda ban iya tuwo ba, ni kuma ina ce masa tsohon da ko kyauta aka ba ni ba na so. Da yamma na same shi yana tsince goro, na durƙusa na ce, "Tsoho, amana zan ba ka. Wani kaya zai zo, daga ƙasar waje aka yo shi, ya fi zinariya laushin rai. Idan zafi ya taɓa shi, ya mutu murus. Ƙafar jikarka ta maƙota tana jikinsa."

"Ke da kazarki ba ta taɓa kwana biyu da rai ba, za ki koya mini riƙon amana?" in ji shi. "Tun kafin a haifi ubanki nake raya abin da zafi ke kashewa. Tashi ki ba ni wuri, ja'ira."

Na tashi hankalina kwance. Duk Gombe ba a taɓa cewa goron kakana ya bushe ba.

Malama ta dawo ranar Talata, biki kuma Asabar. Laraba da safe kakana ya miƙo mini kayan, an naɗe shi da takarda mai tsabta an sa a sabuwar jaka. Na taɓa na ji sanyi ƙalau kamar daga randa aka ciro shi, na ce lallai tsohon nan ya san aikinsa. Muka hau keke napep ni da ƙawata. A cibiya ni na buɗe jakar na ɗora faifan a kan injin, Malama tana can tana gyara zanen. Zaren baƙi ne, ba ƙyalli, da ɗan kaushi a hannu.

Da injin ya fara aiki sai muka ji wani sauti da ba mu saba ji ba, tas, tas, tsss, kamar an jefa ƙosai a mai. Wani siririn tururi yana fita daga bakin. Malama ta ɗago kai, ta zo ta tsaya a kan injin. Ta ce a bar shi ya gama, don ta ga abin da idonta. Bayan azahar ya gama. Mariƙin ya fito da siffarsa daidai, amma fatarsa kamar ta mai ƙyanda, ga wasu gashi-gashi a jiki.

Malama tana da doka guda wadda ba ta sassautawa: ba a ɗora mutum a kan abin da ba a gwada ba. Ta ɗaure mariƙin a jikin bututu kamar yadda zai zauna a sanda, ta rataya masa jarka babba, ta ce in riƙa zuba ruwa a hankali. Ina zubawa ina waƙar amarya don in ba ƙawata haushi. Ruwa bai kai rabin jarkar ba muka ji ƙas. Jarka ta faɗi, ruwa ya wanke mini ƙafa, mariƙin ya rabe biyu.

Na katse waƙar. Na ce, "Malama, wallahi a kwance muka buga shi."

"Na sani, ni na kwantar da shi." Ta ɗauki guntun ta kai shi bakin taga, ta kira mu. Cikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar cikin burodi, layukan kuma ba su kama juna ba, ana iya ɓare su da farce. Ta ce, "Wannan zaren ya sha ruwa. Nailan mayen ruwa ne, ko daga iska yana zuƙa. Idan ya shiga bakin injin ruwan ya tafasa ya zama tururi, ya bar rami a duk inda ya fita. Kabon ɗin yana nan, amma ba abin da ya riƙe shi. Shi ya sa ake aiko shi a leda da aka zuƙe wa iska. Ina ledar da ya zo a ciki?"

Na ce ban ga wata leda ba. Na kira kakana a waya, na ce Malama tana son ganinsa. Ba a jima ba sai ga shi a kan acaɓa, da babbar riga, yana murmushin wanda ya zo karɓar lambar yabo.

"Baba, yaya ka ajiye kayan nan?" in ji Malama, bayan sun gaisa.

"Ai 'yata ba sai kin gode ba," in ji shi, ya gyara zama. "Da na karɓa sai na ga sun shaƙe shi a leda, ko numfashi ba ya yi. Na ce waɗannan mutane ba su san zafin Arewa ba. Duk abin da aka rufe a leda a garin nan gumi zai yi ya ruɓe. Na yaga ledar. Na samo algarara sabuwa na jiƙa, na naɗe shi, na ajiye shi a tsakiyar huhun daushe, wurin da ya fi ko'ina sanyi a ɗakina. Safe da yamma ina yayyafa masa ruwa da hannuna. Ko goron da zan kai gidan sarauta ban taɓa yi masa wannan gatan ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar ƙaramar jaka ta takarda mai ƙwayoyi a ciki. "Har wani gishiri suka sa masa. Na cire, ban yarda da shi ba."

Wannan gishirin, kamar yadda na sani daga baya, shi ne abin da ke tsotse danshi a cikin ledar.

A wani lokacin da na yi birgima a ƙasa don dariya. Dariyar ma ta taso har ta kai maƙogwaro, sai na dubi ƙawata. Tana zaune tana kallon guntayen biyu a kan tebur, hannunta mai ciwon a buɗe a kan cinya. Malama ba ta yi wa kakana faɗa ba. Ta miƙa masa guntun, ta nuna masa ramukan, ta yi masa bayani a hankali kamar yadda ta yi mana. Ya juya shi a hannu ya fi a ƙirga. Sannan ya dubi hannun yarinyar, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin fuskar kakana ba wasa a cikinta ba sai ranar.

"Ashe kashe shi nake yi safe da yamma," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yana da magani?"

Malama ta ce yana da shi. A gasa zaren da zafi kaɗan, wanda bai kai na tafasar ruwa ba, tun daga safe har faɗuwar rana, ruwan zai fita. Idan zafin ya yi yawa faifan zai narke ya haɗe da zaren, shi ke nan an yi asarar duka. Shanya a rana ba za ta yi ba, damina ce, iskar kanta jiƙe take. Cibiyar ba ta da abin gashi. Dukkanmu muka san wanda yake da shi a unguwa, kuma muka san abin da aka shirya gasawa a cikinsa ranar Alhamis.

Murhun gashin Mama akwatin ƙarfe ne mai tiren gawayi sama da ƙasa. Da muka je mata da maganar tana tsakiyar fasa ƙwai na kek ɗin amarya. Ta saurara har ƙarshe, ta goge hannu a zani, ta ce, "Kun gani ko? Na farko ya lanƙwashe, na biyu ya karye. Allah ne yake nuna mana. Da a coci ya karye fa? Ku bar maganar nan, yayanta zai ɗauke ta."

"Mama, jarka ce ta faɗi, ba ni ba," in ji ƙawata. "Don haka ake gwadawa."

"Ki yi mini shiru. Ke ba ki san abin da uwa take ji ba."

Kakana yana tsaye a bakin ƙofar tsakar gidan, bai shigo ba sai da ya yi sallama sau biyu. Ya ce, "Maman yara, laifin nan nawa ne, ba na zaren ba. Ni na naɗe abu a tsumma saboda ina tsoron kada wani abu ya same shi, ban tsaya na tambayi abin da yake so ba. Da tsufana yau na koyi cewa ba kowane abu ne goro ba." Sannan ya ƙara, "Ki ba ni aron murhun idan kin sauke kek. Ni zan zauna a kansa."

Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce, "Da asuba zan fara gashi." Ta koma fasa ƙwanta, amma na ga ɓawo ya faɗa cikin kwanon ba ta lura ba.

Ranar Alhamis kakana bai buɗe tebur ba, abin da tsofaffin tashar suka ce ba su taɓa gani ba in ba ranar Sallah ba. Da hantsi Mama ta sauke kek na ƙarshe. Malama ta zo da ma'aunin zafi ta maƙala a ƙofar murhun, ta ja layi biyu da alli, ta ce allurar kada ta wuce wannan, kada ta sauka ƙasa da wancan. Aka kwashe garwashin aka bar kaɗan, aka sa faifan a ciki tare da 'yar jakar gishirin da kakana ya ƙi yarda da ita, don ita ma ta bushe. Kakana ya shimfiɗa buzu a gaban murhun. Da ɗan cokali yake ƙara garwashi, ɗaya bayan ɗaya, yana cire wanda ya yi yawa. Salla kaɗai ke tashinsa, sannan ma sai ya dasa ni a wurin yana gargaɗi.

"Idan allurar nan ta motsa, na sake ki saki uku."

"Ai gara, in huta da warin goro."

Ƙawata ta fito ta zauna kusa da shi da la'asar. Na ji tana ce masa, "Baba Tsoho, kada ka yayyafa masa ruwa fa idan na juya baya." Ya yi dariya har da tari, karo na farko tun jiya. Da magariba Malama ta ciro faifan, ta sa shi a bokiti mai murfi tare da jakar gishirin, ta naɗe bakin da salatif. Zaren yana ƙamshin kek. Na rantse har yau idan aka shinshina sandar nan ana jin ƙamshin, ko da yake wannan yana cikin rabin da mahaifiyata ta ce a zubar.

Juma'a tun da sassafe muka kunna injin. Ba tas, ba tsss, ba tururi. Layi yana kwanciya a kan layi sumul, baƙi kamar kwalli. Guda biyu Malama ta buga, ɗaya na gwaji, ɗaya na sanda. Da na gwajin ya huce aka rataya jarka. Wannan karon ban yi waƙa ba. Ruwa ya wuce rabi, ya cika. Aka ƙara jarka ta biyu, ita ma ta cika. Mariƙin ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa, da aka sauke nauyin ya koma yadda yake. Malama ta maimaita ɗorawa da saukewa har hannuna ya gaji, don ta ce tafiya ba nauyi ɗaya ba ne, nauyi ne mai zuwa yana komawa. A ƙarshe ni ma na kama na yi lilo a jiki, ƙawata tana cewa idan ya ɗauki nauyin kaina da ƙaryar da ke ciki, to zai ɗauki kowa.

Kakana ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya tambaya, cikin damuwa, gumin hannu fa, da ruwan sama? Malama ta ce bayan an gama bugawa ɗan danshi ba ya kashe shi, yana ma rage masa saurin karyewa, kafin bugawa ne ruwa yake zama guba. Nan take tsohon ya miƙe wuya.

"Kin ji ko, ja'ira? Ashe ba kuskure na yi ba, gaggawa na yi."

"Baba, kada dai ka sake," in ji Malama.

Asabar da asuba aka yi ruwa. Mu maƙota muka tsaya a harabar cocin, kakana a gindin wata bishiya da ƙullin goron da ya kawo wa iyayen amarya. Ƙasa a jiƙe take, ga matakala a bakin ƙofar shiga. Amarya ta sauko daga mota, 'yan matanta suka jeru, ƙawata ce ta ƙarshe a layi. Yayanta yana biye da ita ta gefe, hannuwansa a buɗe kamar mai jiran a jefo masa jariri, Mama kuma tana kusa da shi. Ta fara tafiya, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa, kanta a sama. Ni kuwa ba ita nake kallo ba, baƙin mariƙin nan nake kallo a ƙarƙashin yatsunta.

A matakala ta biyu sandar hagu ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Duk nauyinta ya koma kan hannun dama a lokaci guda. Mata suka yi salati da addu'a, kowa da harshensa. Yayan ya zabura zai cafke ta. Sai na ga hannun Mama ya kama bayan rigarsa ya riƙe gam. Idonta a rufe, amma ba ta sake shi ba.

Mariƙin bai ce ko ƙas ba. Ƙawata ta tsaya a kansa, ta jawo sandar hagu ta dasa ta, ta hau matakala ta uku. A bakin ƙofa ta waiwayo ta neme ni a cikin jama'a, ta yi mini gwalo, a cikin anko, a bayan amarya, ta shige. Da na juya wajen kakana na ga ya ɓare goro yana riƙe da shi a hannu, ya manta bai kai baki ba.

Yanzu ina karatun injiniya, kuma a aji an sha maimaita mana abin da Malama ta nuna mana da rake da jarka: ƙarfin abu yana da hanyar da yake bi, kuma abin da ke raya wani shi ke ruɓar da wani. Amma ba a aji na koye shi ba. Na koye shi daga tsohon da ya yi wa zaren roba gatan goro da zuciya ɗaya, da kuma uwar da ta kama rigar ɗanta a lokacin da duk jikinta ke ce mata ta sake shi. Tun daga makon nan, kafin in yi wa mutum ko abu gata, nakan tsaya in tambayi halinsa tukuna, don mai jiƙa algarara ma yana ganin alheri yake yi.